Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Saurin Canji Ke Zagayowa, Tari Kuwa Wani Lokaci Ya Ƙi?

TAMBAYA

Ni ɗaliba ce 'yar aji ɗaya a Jami'ar Bayero, gidanmu yana unguwar Mandawari a cikin birni. A darasin kalkulas an koya mana cewa idan fankishin yana maimaita kansa, diribetib ɗinsa ma haka zai riƙa yi. Sai na ce a raina, tun da intigiral juyin diribetib ne, ai shi ma zai maimaita kansa. Na gwada da sin x, na sami −cos x, abu ya yi daidai. Amma da na gwada da 1 + cos x sai na sami x + sin x, shi kuwa kullum gaba yake yi, ba ya dawowa. Lissafina ne ya karkace, ko akwai abin da ban gane ba? Sannan don Allah Malam, a ina ake cin karo da wannan a rayuwa, ko iyakarsa allo da jarrabawa? Allah ya ƙara basira.

AMSA

'Yata, kwantar da hankalinki, lissafinki lafiya lau yake. Wannan x + sin x da ya tayar miki da hankali shi ne amsar gaskiya. Inda aka sami tangarɗa shi ne zaton cewa duk abin da diribetib ya gada, intigiral ma sai ya gada. Diribetib yana gadon zagayowa ko da yaushe. Intigiral kuwa sai da sharaɗi guda: abin da aka tara a zagaye ɗaya cikakke ya tashi sifili. In sharaɗin bai cika ba, zai yi ta hawa ko ya yi ta gangara har abada. Bari mu bi abin daki-daki. Zan riƙa ce wa diribetib saurin canji, intigiral kuma tari, don maganar ta yi mana sauƙin kamawa.

Mece ce zagayowa?

Ana ce wa adadi f mai zagayowa ne idan akwai wani tsawo T wanda duk inda kika tsaya, in kika matsa gaba da shi, abin da kika bari shi za ki tarar. A rubuce: f(x + T) = f(x), ga kowane x. Shi T ɗin shi ne tsawon zagaye. Na sin x da cos x shi ne 2π.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Wajen 21 ga Disamba, daga hudowar rana zuwa faɗuwarta kusan awa 11 ne da minti 25. Wajen 21 ga Yuni yinin yakan kai kusan awa 12 da minti 50. Daga nan ya sake raguwa, Disamba ta zo ya koma inda ya faro. Tsawon yini adadi ne mai zagayowa, T ɗinsa shekara ɗaya ta rana.

Saurin canji ba shi da mafita

Ki tuna yadda ake samo saurin canji. Ana ɗaukar f(x + h) − f(x), a raba da h, sannan a bar h ya yi ta ƙanƙancewa zuwa sifili. To yanzu ki yi wannan aikin a x + T maimakon x. Za ki buƙaci f(x + T + h) da f(x + T). Na farkon daidai yake da f(x + h), na biyun daidai yake da f(x), saboda zagayowar f. Ke nan lambobin da kika yi aiki da su a x, su ne dai suka sake zuwa hannunki a x + T. Lambobi ɗaya ba za su ba da amsa biyu ba. Don haka f′(x + T) = f′(x). Hujjar ke nan gaba ɗayanta.

Dalilin sauƙinta shi ne, saurin canji ba ya duban abin da ya wuce. Abin da ke gefensa kawai yake kallo, ɗan taƙi gaba da ɗan taƙi baya. In wuraren biyu kamarsu ɗaya, saurin ma ɗaya ne.

Dubi tsawon yinin Kano. A ƙarshen Maris yini yana ƙaruwa da kusan sakan 40 kullum, nan ne ya fi sauri. A ƙarshen Yuni ƙaruwar ta tsaya cik. A ƙarshen Satumba yana raguwa da kusan wannan adadin, a ƙarshen Disamba ya sake tsayawa. Maris mai zuwa, sakan 40 ɗin nan suna nan suna jira.

Abin da zai iya sauyawa shi ne girma, ban da tsawon zagaye. Saurin canjin sin 3x shi ne 3 cos 3x: ya ninka uku a tsayi, amma zagayensu ɗaya. A kan wannan taransifomar unguwarku ke aiki. Tun 1831 Maikel Farade na Ingila ya gano cewa ƙarfin wutar da ke tasowa a naɗin waya yana bin saurin canjin maganaɗisun da ke ratsa shi. Wutar Nijeriya tana zagayowa sau 50 a sakan ɗaya. Taransifoma tana karɓar bolt 11,000 ta sauko da shi zuwa na amfanin gida, amma sau 50 ɗin nan ba ta isa ta taɓa shi ba, domin abin da take fitarwa saurin canji ne na abu mai zagayowa.

Sharaɗi ɗaya ne a nan, kuma ƙarami: saurin canjin ya kasance akwai shi. In zanen f yana da kusurwa mai tsini, a daidai tsinin babu saurin canji. Amma tsinin ma yana dawowa bayan kowane T.

Akwai gado na biyu da ɗalibai da yawa ke tsallakewa, alhali shi ne mabuɗin tambayarki. In kika tara saurin canjin f a zagaye ɗaya, abin da za ki samu shi ne f(T) − f(0), wato sifili. Wanda ya tashi daga Ƙofar Nasarawa ya bi gefen ganuwa ta Ƙofar Mata, Mazugal, Kabuga, Na'isa, har ya dawo Ƙofar Nasarawa, ya hau tudu ya gangara kwari sau ba adadi, amma jimlar hawansa daidai take da jimlar gangararsa, tun da a inda ya tashi ya tsaya. Saboda haka saurin canjin abu mai zagayowa yana da siffa biyu: yana zagayowa, kuma jimlarsa a zagaye ɗaya sifili ce. Yanzu ki dubi 1 + cos x. Yana da siffa ta farko. Ta biyun fa? Bai taɓa sauka ƙasa da sifili ba, to da me zai biya abin da ya tara?

Tari yana riƙe da bashin jiya

Mu kira tarin f daga 0 zuwa x da suna F(x). Tambayarmu ita ce: F(x + T) daidai yake da F(x)? Bambancinsu shi ne abin da aka tara tsakanin x da x + T, wato tarin zagaye ɗaya cikakke.

Abu na farko da za a lura da shi: wannan bambanci bai damu da inda aka fara ba. Ƙa'idar da ta ɗaure tari da saurin canji, wadda Aizik Niyuton da Gotfirid Laibiniz suka kafa kalkulas a kanta a ƙarni na 17, ta ce saurin canjin F shi ne f. Saboda haka saurin canjin F(x + T) − F(x) shi ne f(x + T) − f(x), sifili ke nan. Abin da saurin canjinsa sifili ne ba ya motsi. Adadi ne tsayayye, mu kira shi C. Duk zagaye ɗaya, F yana ƙaruwa da C, ba ƙari ba ragi.

Daga nan hanya ta rabu biyu. In C sifili ne, F(x + T) = F(x), tari ya zagayo. In C ba sifili ba ne, bayan zagaye 10 an tara 10C, bayan zagaye 1,000 an tara 1,000C, babu ranar dawowa. Da yayyafi kogi kan cika.

Gwada da misalanki. A sin x, abin da aka tara daga 0 zuwa π shi ne 2, daga π zuwa 2π kuma −2. Sun cinye juna, C sifili ne, shi ya sa −cos x ya fito miki mai zagayowa. A 1 + cos x, ɓangaren cos x ya cinye kansa, amma 1 ɗin nan ya tara 2π, babu mai cinye shi.

Ko a hali na biyun ma, zagayowar ba ta ɓace ba, hawa ne ya goya ta. Ki cire (C/T)x daga F(x), ki kira abin da ya rage g(x). In kika matsa da T, F ya ƙaru da C, abin da kika cire shi ma ya ƙaru da C, don haka g bai gusa ba. Ke nan ko da yaushe

F(x) = (C/T)x + g(x),

inda g ke zagayowa. Shi C/T ba wani abu ba ne illa matsakaicin f. A naki misalin matsakaicin 1 ne, ya ba da x, sannan g shi ne sin x. Amsarki x + sin x ta fito da siffar da ƙa'ida ta ce dole ta fito da ita.

Zawali a birnin Kano

Kin tambayi inda ake cin karo da wannan. Ga shi a lokacin salla. A zaurukan karatu na cikin birni, duk wanda ya karanta babin lokutan salla a littafin Risala ya san cewa Azahar tana shiga ne idan rana ta gota tsakiyar sama, inuwa ta gama raguwa ta soma ƙaruwa. A harshen kalkulas, zawali shi ne inda saurin canjin inuwa ya ratsa sifili.

Ƙarfe nawa zawali ke yi a Kano? Agogon Nijeriya an saita shi ne a kan layin digiri 15 gabas, Kano kuwa tana kusan digiri 8.5. Kowane digiri minti 4 ne, saboda haka a matsakaici zawalin Kano yana yi ne wajen 12:26. Amma ba ya zama wuri ɗaya. A farkon Nuwamba yakan yi wajen 12:10. A tsakiyar Fabrairu sai wajen 12:40. A tsakiyar Mayu ya dawo wajen 12:22, a ƙarshen Yuli ya koma wajen 12:32, daga nan ya yi ta matsowa har Nuwamba. Da yake masallatai da yawa sai ƙarfe 1 ko 2 suke tayar da Azahar, mutane ba su cika lura da wannan kai-komo na rabin awa ba. Masana taurari kuwa sun daɗe da saninsa. Baɗalamusa ya yi bayaninsa a ƙarni na 2, kuma malaman ilimin miƙati na Musulmi, irin su Ibn Yunus na Masar wanda ya rasu a 1009, sun yi ta aikin ƙididdigar tafiyar rana don tsayar da lokuta.

Ga inda kai-komon ya samo asali. Daga zawalin yau zuwa na gobe ba awa 24 cif ba ne. Wajen 22 ga Disamba yakan haura da kusan sakan 30. A tsakiyar Satumba yakan gaza da kusan sakan 21. Dalili biyu ne: hanyar da duniya ke bi tana kewaya rana ba da'ira ce cikakkiya ba, a farkon Janairu ta fi kusa da rana kuma ta fi sauri, sannan duniyar a karkace take da digiri 23.4. Wannan rara ko giɓi na kowane kwana shi ne f ɗinmu, yana zagayowa duk shekara. Lokacin zawali a agogo kuwa shi ne F, tarin 'yan sakan-sakan ɗin nan. Daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Fabrairu, kusan kwana 100, kullum rara ake yi, ita ce ta taru ta zama minti 30.

To me ya sa zawali ke dawowa 12:10 duk Nuwamba? Saboda C sifili ne. Kuma ba dace aka yi ba, da gangan aka tsara. Awa 24 matsakaicin tsawon kwanakin shekara ne gaba ɗaya, don haka rara da giɓi dole su cinye juna. Shi ya sa jadawalin lokutan salla da aka tsara bisa Janairu zuwa Disamba, na bara yake yi wa bana aiki, sai ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba. Jadawalin sahur da buɗa-baki kuwa sai an sabunta shi duk shekara, domin shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza T da kusan kwana 11.

Yanzu mu ɓata sharaɗin mu gani. A ce agogon hannunki yana gudu da sakan 2 kullum. Kin ƙara 2 a kan f, kamar yadda aka ƙara 1 a kan cos x. A shekara ya tara sakan 730, minti 12 da ɗoriya. A wannan agogon, zawalin farkon Nuwamba bana 12:10, baɗi 12:22, shekara mai bi mata 12:34. Kai-komon Fabrairu da Mayu da Yuli yana nan yadda yake, amma yana bisa hawa. Wannan shi ne x + sin x ɗinki, ɗaure a hannu.

Ki kuma lura da wani abu. Kwanan da ya fi tsawo daga zawali zuwa zawali a Disamba yake, amma zawali mafi jinkiri sai Fabrairu. Tari ba ya kai ƙololuwa a lokacin da f ya fi girma. Yana kaiwa ne a lokacin da f ya sauko sifili, rara ta ƙare, giɓi zai fara.

Mitar wuta da kududdufi

A wayar wutar gidanku akwai halin biyu a lokaci guda. Kwararar wutar tana bin siffar sin, ta je ta dawo sau 50 a sakan, tarinta a kowane zagaye sifili. Da wannan mita ke ƙirgawa, da ba wanda ya taɓa sayen kati. Abin da take tarawa shi ne ƙarfin da aka ci, shi kuwa a na'ura irin dutsen guga siffar sin² yake bi, ba ya sauka ƙasa da sifili. Kin san sin² x = ½ − ½ cos 2x. Matsakaicinsa ½ ne, tarinsa kuma x/2 − (sin 2x)/4. Dutsen guga mai wat 1,000 yana lilo tsakanin sifili da wat 2,000 sau 100 a sakan, amma mita ba ruwanta da lilon. Matsakaicin take bi: yunit ɗaya duk awa ɗaya muddin yana jan wuta.

Haka ruwan sama. Yana zuwa da damina, ya fi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke da rani. Jimlar ruwan da ya zuba a Kano shekara bayan shekara ba ta taɓa raguwa, tun da ba a yin ruwan da ya gaza sifili. Amma ruwan da ke kwance a kududdufan cikin birni, ko a madatsar Tiga, tari ne na abin da ya shiga a debe abin da ya fita. In shiga da fita sun yi daidai a shekara, ruwan ya koma matsayinsa na bara. In fita ta rinjaya shekaru a jere, sai a ga ƙasa. Sai dai damina ba ta maimaita kanta cif yadda rana ke yi, don haka a nan ƙa'idar kusantowa kawai take yi.

Tushen abin, da tarko uku

A 1822 Jozef Furiye na Faransa ya fitar da littafinsa kan yaɗuwar zafi, inda ya nuna yadda ake rubuta adadi mai zagayowa a matsayin adadi tsayayye guda, a haɗa da jerin sin da cos. In kika kalli tambayarki ta wannan tagar, komai ya fito fili. Saurin canji yana mayar da sin ya zama cos, cos ya zama −sin, tsayayyen adadin kuma ya shafe shi. Tari ma yana juya sin da cos a tsakaninsu, amma tsayayyen adadin sai ya manna masa x. Rigimar duka a kan wannan adadi guda take, shi ne matsakaici.

Tarko na farko: harafin da ake ƙarawa a ƙarshen intigiral, wanda malamai ke rage maki in an manta shi. Ba shi da hannu a zagayowa. In F yana zagayowa, F + 7 ma haka. In ba ya yi, babu adadin da za ki ƙara ya gyara shi.

Tarko na biyu: juya magana. Ganin f′ yana zagayowa bai isa a ce f yana zagayowa ba. Shaida tana hannunki: x + sin x ba ya zagayowa, saurin canjinsa 1 + cos x kuwa yana yi.

Tarko na uku ya fi kama masu ƙoƙari: tari sau biyu. Tarin sin x daga 0 zuwa x shi ne 1 − cos x. Yana zagayowa, amma matsakaicinsa ya zama 1. In kika sake tara shi sai ki sami x − sin x, zagayowa ta tafi. Da −cos x kika ɗauka, wanda matsakaicinsa sifili ne, da kin sami −sin x. Ashe harafin nan da bai da tasiri a tari na farko, shi ke yanke hukunci a na biyu. A duk mataki sai an sake duba matsakaici.

Saboda haka 'yata, duk sanda aka ba ki adadi mai zagayowa aka tambaye ki saurin canjinsa, ki amsa da ƙarfin gwiwa cewa yana zagayowa, da tsawon zagaye iri ɗaya. In tarinsa aka tambaya, kada ki ce komai sai kin tara shi a zagaye ɗaya cikakke. Ya ba ki sifili, yana zagayowa. Bai ba ki ba, ki raba abin da kika samu da T, ki manna masa x, sauran shi ne mai zagayowa. Ki gwada hannunki da waɗannan uku kafin jarrabawa: sin x cos x, da cos² x, da 2 + sin 5x. Ɗaya ne kawai a cikinsu tarinsa ke dawowa gida. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatu.